Alewa a Kwalbatin Kanya

Wallahi ba za ku yarda ba. Ko ni da na san mutanen nan, na sha ruwan randar gidansu, sai da na je na gani da idona. Amma ku bari in kai ƙarshe, sannan mai ƙaryatawa ya ƙaryata.

Duk faɗin Daura babu riwaya, wato mai gyaran wayar mota, irin Maliki. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kullum kuwa sai ya faɗa, abin haushin kuma gaskiya ne. Bai gama makarantar koyon sana'a ba. Raka shi aka yi bakin ƙofa, ranar da ya ja wayar lasifikar taron safe ya kai ta ofishin da shugaban makaranta yake sharar barci, ɗalibai kaf suka sha minshari. Tun daga nan ya kama gyaran wayar mota. Hannunsa na zinariya ne, bakinsa kuma ba ya hutawa. In bai tsokani mutum ba tun safe, abinci ba ya yi masa daɗi.

Wanda ya fi shan tsiyarsa shi ne Amadu, taubashinsa, ɗan Goggo Yelwa ta Zango. Amadu dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'aduwa, mutum mai son girma, wanda ko dariya zai yi sai ya duba wa ke kallo. Maliki na ce masa Alhajin Awaki, shi kuma yana ce masa bawan gidanmu.

Ƙarshen damina Amadu ya sayo mota, baƙa, sai sheƙi take. Ya kawo ta rumfar Maliki ya ce yana son a zuba mata kayan sauti irin wanda ba a taɓa ji ba a masarautar nan. Maliki ya ce ai ya zo gidan.

Ya kuwa yi aiki. Ya ciro rediyon, ya haɗa wata 'yar kwamfuta da hannunsa ya cusa a dashbod, da allo mai faɗin faranti. Ya sa sifika a kowace ƙofa. A but ya ajiye ƙaton akwatin wufa, irin wanda in ya yi gurnani sai hanjin mutum ya motsa. Ya liƙa kyamara a baya, ya dasa 'yan idanu a bamba, masu yin ƙara in mota ta kusa taɓa wani abu. Rumfar ta cika da warin dalma da ƙonanniyar roba.

Da ya tsaya nan, da babu labari.

Sai da aiki ya kammala shaiɗan ya taɓa shi. Ya cire wayar hon, ya juya ta cikin kwamfutar, ya ɓoye wata lasifika a bayan ragar gaban motar. Sannan ya ɗauki muryarsa, ya maƙe ta kamar ta mai talla: “Alewa! Alewa kyauta! Yara ku zo da gudu!” Duk sanda aka danna hon, abin da motar za ta faɗa ke nan. Yana ɗaure wayar da salatif yana dariya shi kaɗai, yana hango Alhajin Awaki da babbar riga a tsakiyar tasha, mota na yi masa tallar alewa.

Bayan la'asar sakaliya Amadu ya zo. Ya ji kiɗa, ya gyaɗa kai, bai yaba ba don kada bawa ya samu bakin magana. Ya ce zai kai motar Zango Goggo ta sa mata albarka, a can zai yi magariba. Maliki ya yi wuf ya shige gaba, wai zai saurari sautin a kan hanya. Ƙarya yake. Fuskar Amadu yake son gani.

Sai dai Amadu ba ya danna hon a cikin gari. A wajensa hon aikin 'yan acaɓa ne. Akuya ta gitta, ya jira. Mai kura ya tare hanya, ya jira. Maliki kamar ya kai hannu ya danna masa, har suka fita Daura.

Rana ta yi ja, ta fara nutsewa a bayansu. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ya fi ƙarfin tsayin mutum. Iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. Hanya ta yi tsit, ko mashin babu.

A nan Maliki ya tuna da Kwalbatin Kanya.

Duk direban da ke bin hanyar nan ya san ta. Wata 'yar kwalbati ce a gindin tsohuwar kanya, babu gida babu bukka a kusa. Amma ba a wuce ta da almuru sai an danna hon tun daga nesa. Tsofaffin direbobi sun ce mutanen ɓoye ne a wajen, 'ya'yansu na wasa a kan titi da yamma, hon ɗin ne ke sa su kauce. Ba kowa ya yarda ba. Amma kowa na dannawa, har malamai.

Maliki ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya saci kallon Amadu, ya ga yadda ya hakimce, hula ta zauna, hannu ɗaya a sitiyari. Ya haɗiye maganar. Ai ko babu 'yan kallo, dariya dariya ce.

Kanyar ta bayyana, baƙa ƙirin a jikin jan sama. Amadu ya yi bisimilla, ya ɗora tafinsa a tsakiyar sitiyari.

“Alewa! Alewa kyauta! Yara ku zo da gudu!”

Muryar ta tsaga dajin. Amadu ya zabura har hularsa ta bugi rufi. Cikin ruɗewa ya sake dannawa, motar ta sake kira. Maliki ya riƙe ciki, hawaye na zuba.

Sai geron ya motsa.

Babu iska. Amma dama da hagu karan na kaɗawa, layi-layi, duk suna nufo titi.

Sai sawu. Ƙananan tafin ƙafa a kan kwalta, faɗa-faɗa-faɗa, da yawa, daga ko'ina. Da 'yar dariya siririya.

A gaban gilashi babu kowa.

'Yan idanun bamba suka fara ƙara. Ɗit. Ɗit. Ɗit-ɗit-ɗit. Suka haɗe suka zama kuka ɗaya dogo.

Amadu ya taka birki da ƙafa biyu. Taya ta yi ƙara. A ƙarƙashin motar, ta hagu, wani abu ya ce tim. Ba da ƙarfi ba. Kamar an buge ɗan akuya.

Injin ya mutu. Kiɗa ya ɗauke.

Dariyar ma ta ɗauke.

Amadu ya murɗa makulli, shiru. Ya zare shi gaba ɗaya. Amma allon bai mutu ba. Maliki da ya haɗa shi ya san ba shi da wata hanyar samun wuta. Allon ya yi fari, ya koma kan kyamarar baya da kansa.

Ga su nan. Yara, cike da titi, sun yi cirko-cirko. Fuskokinsu ba su fito ba, kamar hoton da ruwa ya taɓa. Kowanne ya miƙo hannu, tafi a buɗe.

Maliki ya ɗaga ido ya dubi madubi. Titi fayau.

Ya dawo kan allon. Yaran sun dare gida biyu. Wata mace ta ratso tsakaninsu, doguwa, har kanta bai shiga hoton ba. Ta durƙusa daf da bamba, ta ɗago wani ƙaramin abu ta rungume.

Allon ya yi baƙi.

Bayan motar ya nutse, a hankali, kamar an ɗora buhunan gero. Ƙofa ba ta buɗe ba. Sanyi ya sauko musu a wuya, da warin tsohuwar rijiya.

Wufa ta fara gurnani, ƙasa-ƙasa. Maliki ya ji shi a haƙora.

Sai numfashi. Daga sifikar baya ta hagu. Ya koma ta dama. Ya taho ta ƙofar Amadu. Ya zagayo ta ƙofar Maliki, daidai gwiwarsa, ya tsaya.

“Wa ya kira su?”

Raɗa ce, amma ta fito ta kowace sifika.

Amadu ya kama karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana haɗa farkon wannan addu'a da ƙarshen waccan. Da ya samu numfashi ya ce shi ne direba, tsautsayi ne, a yi masa rai.

“Na ji muryarka,” in ji ta. “Ba ita ce ba. Na kusa da kai fa? Ya yi magana in ji.”

Maliki ya datse leɓe. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa yin shiru ba, yau ko tari bai yi ba.

Amadu ya dube shi. Ya gane komai, a idonsa aka gani. Maliki ya jira ya ga yatsa ya nuno shi.

Amadu ya kau da kai.

“Baiwar Allah, wannan bawan gidanmu ne,” ya ce. “Bebe ne. Ba ya magana.”

Can ƙasan gurnanin wufa, wani yaro na shessheƙa.

“To,” in ji ta. “In babu mai murya, mai hannu ya isa.”

Bel ɗin kujerar Amadu ya motsa. Ya zame daga kafaɗarsa kamar maciji, ya hau wuya. Ya ja.

Amadu ya kai hannu biyu yana ɓamɓara. Ƙafarsa na dukan totur.

Maliki ya faɗa ƙarƙashin dashbod. Nan ne gidansa, ko a duhu ya san kowace waya. Ya fizge ta amfilifayar da ke ƙara sauti. Ya fizge ta kwamfuta. Ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana watsarwa.

Numfashin bai tsaya ba.

Ya ɗago. Idon Amadu ya firfito, ya yi ja. Hular ta faɗi. Hannunsa ɗaya ya saki bel ɗin, ya lalubo gwiwar Maliki, ya matse. Ba neman taimako yake ba. Yana girgiza kai ne. Kada ka yi magana.

Hannun ya fara sakewa.

“Ni ne,” in ji Maliki.

Bai san muryarsa na iya yin ƙanƙanta haka ba.

“Ni na kira su. Wasa nake yi da ɗan'uwana. Bai san komai ba. Ki sake shi, don Allah.”

Bel ɗin ya saki. Amadu ya kife a kan sitiyari yana tari.

Numfashin ya bar ƙofa. Yanzu ba ta sifika yake fitowa ba. A bayan kunnen Maliki yake.

“Ita ce muryar,” in ji ta. “Autana ne ya riga kowa zuwa, don ya fi su son zaƙi. Bai mutu ba. Amma ƙafar ta tafi. Gobe in mota ta taho, ba zai iya gudu ba. Sai an gaya masa tun tana nesa.”

Wani abu mai sanyi, mai tsawo, ya kwanta a maƙogwaronsa. Bai shaƙe shi ba. Shafawa ya yi, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai zare ƙaya.

“Ɗan'uwanka ya ce kai bebe ne. Mutumin kirki ne. Ba zan mai da shi maƙaryaci ba.”

Bayan motar ya ɗago.

Amadu ya soka makulli, injin ya tashi bugu ɗaya. Bai san yadda suka iso Zango ba. Ana sallame magariba suka tsaya a ƙofar gidan Goggo Yelwa. Ta leƙo ta ga shatin bel a wuyan ɗanta, ta juya ga Maliki ta ce, kai uban surutu, me ya faru?

Maliki ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti har Katsina. Likita ya leƙa ya ce maƙogwaro lafiya lau. Da Amadu ya ba Goggo labarin duka, sai ta ce a daina wahalar da malamai, wannan ba ciwo ba ne, aiki aka ba shi.

Haka kuwa aka yi. Washegari da rana ta yi ja, Maliki ya ajiye filaya ya kama hanyar Zango a ƙafa, aka riƙe shi ya fizge. Amadu ya bi shi da mota. A gindin kanyar ya tsaya. Can wata motar haya ta ɓullo, sai ga murya ta fashe daga ƙirjinsa, garau, irin ta da:

“Mota! Yara ku kauce!”

Motar na wucewa, bakin ya rufe.

Har yau haka ake. Yana aikinsa a rumfa, da hannu yake ciniki, kuma kafin ya taɓa komai a mota sai ya fara gwada hon. Motar Amadu ba rediyo ko ɗaya, ramin allon ma da kwali aka toshe. Kullum da yamma Amadu ne ke kai shi, yana tafe yana yi masa tsiya son ransa, tunda bawa ba ya ramawa. In sun isa sai ya ajiye ƙullin alewa a bakin kwalbati, ya koma mota ya ɗaga gilashi.

Ranar da na je, na tsaya daga nesa. Na ga Maliki tsaye shi kaɗai, hannunsa na hagu a sake, yatsu biyu a lanƙwashe kamar wani ƙarami ya riƙe su. Na kuma ji sawu a kan kwalta. Taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja.

In hanya ta bi da ku ta can da almuru, ku danna hon tun daga nesa, ku rage masa aiki. Muryar ta fara dishewa. Kuma matar ba ta faɗi abin da za ta karɓa ba in muryar ta ƙare.