Ruwan Majemar Alhaji Sha'ibu

Da hankici a hanci Idirisu ya shiga majemar Alhaji Sha'ibu da ke bayan Birni. Kamfaninsu ne ya turo shi ya kafa na'urar da za ta riƙa auna kaifin ruwan da majemar ke zubarwa, don masu sayen fata na waje sun ce sai da ita.

Raudatu, 'yar Alhaji, ita ke riƙe da biro, wato ofishin majemar. Ta dube shi sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Malam, in warin ya fi ƙarfinka ka koma inda ka fito. Takalmin ƙafarka ma daga irin wannan warin aka yi shi."

Ya cusa hankicin a aljihu. Bai ƙara fito da shi ba.

Kwana uku yana aiki. Ya ɗora faifan sola a kan rufi, ya ja waya har bakin magudana. Sannan ya zauna da 'yan kwalabe, yana tsoma kan na'urar a wannan, ya ɗauraye, ya tsoma a wancan.

"Wanka kake mata kamar jaririya?" in ji Raudatu.

"Gaskiya nake koya mata. Ruwan kwalbar nan kaifinsa bakwai ne cif, irin na ruwa mai kyau. In ta ce takwas, sai in gyara ta."

"Aikin banza," ta ce. Amma ba ta tafi ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Rauda, yau sau huɗu kika harare ni. Na gode, jiya sau biyu ne kawai."

Ta mayar: "Ashe har harara kake aunawa? Allah ya ba ka aikin yi." Sai da ta karanta nasa sau biyar.

Ranar da aka tsoma na'urar a magudana, ta nuna goma sha ɗaya. Ruwan toka ne tsantsa, kuma tafkin da unguwa ke shayar da dabbobi yake gangarawa.

Shamsuddeen, wani Bakano mai sarin fata da ya daɗe yana neman auren Raudatu, ya yi dariya.

"Kai mai waya, murɗa abin nan ya ce bakwai mana."

"Ba zan murɗa ba."

Alhaji ya ja tsaki. "Kakana ya jeme fata a nan. Yau ƙarfe ne zai koya mani ruwa? Kuma na ji kana wa 'yata saƙo. Mai rataye waya a bango!"

Shamsuddeen ya shaida wa Raudatu cewa Idirisu ya kai ƙarar majemar gun hukuma don a rufe ta. Ta rubuta wa Idirisu: "Ashe shigowa ka yi ka kashe gidanmu. Kar ka sake kirana."

Ya amsa: "Rauda tawa, ban kai ƙarar kowa ba. Kwalbar bakwai na cikin akwatin na'urar. Ki gwada da hannunki, kar ki yarda da ni."

Ta gwada. Kwalba ta ce bakwai, magudana ta ce goma sha ɗaya. Ta ɗebo ruwan a kwano ta ajiye gaban mahaifinta.

"Baba, za ka bar ragonka ya sha wannan?"

Alhaji ya kalli kwanon, ya ce a kira Idirisu ya gyara ruwan. Shamsuddeen ya tashi yana kaɗe riga.

"Ni fa dama haƙuri nake da warin gidan nan."

Raudatu ta yi masa kallon da sai da ya rasa inda zai sa idonsa.

"To haƙurinka ya ƙare yau. Ga ƙofa."

Idirisu ne ya zana ramuka biyu da ruwan zai kwanta a ciki, a tsarma shi kafin ya fita. Shi da majema suka haƙa su, wandonsa a naɗe har gwiwa. Bayan wata guda na'urar ta sauko takwas.

Sau biyu Alhaji yana mayar da magabatan Idirisu da suka zo neman auren Raudatu daga garin Droum. A zuwa na uku ya ce:

"Yaron nan taurin kai gare shi, ita ma haka. Ku ɗauke ta, su je su ƙarata."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidansa. Da aka zo tafiya da amarya, Alhaji ya riƙe hannunta ya kasa saki.

"Allah ya yi maku albarka," ya ce. "Idirisu, ɗana, ka riƙe mani ita."