Daddawar Da Ba Ta Je Ostireliya Ba

Ranar da Zulkifilu ya fara ɗora ido a kan Rumasa'u ba neman aure ya fito ba. Tikitin jirgi ya je tambaya a wani ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Jabi, kusa da tafki. Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai na shigowa, duk inda ka duba a Abuja gini ne ke tashi. A hukumar da yake aiki, duk wanda ya ɗauki hutun shekara sai ya dawo da turare da labarin Dubai ko Landan. Shi kaɗai ne in an tambaye shi inda ya je sai ya ce yana gari. Garin kuwa Karmo ne, inda ya tashi, inda har yanzu yake zaune da mahaifiyarsa, kuma bai cika son a san haka a ofis ba.

Ta ɗago kai daga kwamfuta ta amsa sallamarsa, nan take ya manta maganar da ya shiryo tun daga bakin titi. Da ta tambaye shi inda za shi, sai ya waiga ya ga taswirar duniya a bango, ya nemi inda ya fi ko'ina nisa, ya ɗora yatsa.

"Ostireliya ke nan," in ji ta. "Wane gari?"

"Duka."

Ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe dariya, dariyar ta fi ƙarfinta. Sannan ta taso ta nuna masa da bayan biro: ga Sydney a wannan gefe, ga Perth a wancan, tsakaninsu kusan kamar daga Abuja zuwa Alƙahira. Ta ce hutun wata guda ma gari ɗaya ya ishe shi. Da ta buɗe fasfonsa ta ga ko tambari ɗaya babu, kunya ta rufe shi har ya ji zufa a bayan kunne.

Ya sassauta murya ya ce, "Gaskiya ko jirgin Legas ban taɓa shiga ba."

Ta dube shi da kyau a karo na farko. Maza da yawa sun zauna a kujerar nan suna ba ta labarin garuruwan da ba su taɓa gani ba, wannan ne na farko da ya faɗi gaskiya ba a matse shi ba. Ta ce masa kowa da ranar farkonsa, suka tsayar da Sydney.

Daga nan sai tambayoyi suka yi wa Zulkifilu yawa, irin waɗanda waya za ta iya amsawa amma shi sai ya zo da ƙafarsa. Yau ya zo jin ko da gaske ne in ana zafi a nan, can sanyi ake. Gobe ya zo tambayar inda alƙibla take fuskanta. Ita ma ta gane, ta riƙa ba shi amsa rabi-rabi don ya dawo. A cikin wannan hira ta gargaɗe shi cewa ƙasar ba ta yarda a shiga da nama ko man shanu ko irin kayan miyarmu ba, a filin jirgi ake karɓewa. Ta sa masa suna Matafiyi, shi kuma ya gajarta nata.

"Ruma, yau na duba taswira a ofis, na ga duk girman ƙasar nan bai kai nisan Karmo da Jabi ba in ban gan ki ba."

"Matafiyina, ka daina zuga ni ina aiki. Oga ya ga ina murmushi ni kaɗai, ya tambaya ko lafiya. Ka ci abinci?"

Da magana ta yi ƙarfi, Rumasa'u ta faɗa wa mahaifiyarta Hajiya Barira, Hajiya ta kai wa maigida. Alhaji Maliki darakta ne a wata ma'aikata, mutum ne mai son sanin asalin komai, har agogon hannunsa. Da ya ji sunan Karmo sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shi bai raina kowa ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san gidansu ba, alhali ga Fu'ad ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana zarya. Da ƙyar Hajiya ta samu ya yarda yaron ya zo gaisuwa sau ɗaya.

Zulkifilu ya zo da shaddarsa mafi kyau, ya durƙusa a kan kafet. Rashin sa'arsa, Fu'ad na zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba da labarin sanyin Landan. Alhaji ya juyo ya ce ya ji an ce za shi Ostireliya hutu, ashe ya saba fita waje ke nan.

Amsar gaskiya gajera ce, tana nan a kan harshensa. Amma ya dubi takalmin Fu'ad, ya tuna layin gidansu da ruwan kwata ke ratsawa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ana ɗan taɓawa, Alhaji."

Fuskar Alhaji ta saki. Ya ce madalla, ai ɗansa Ameer yana karatu a can, a Perth, ya daɗe bai zo gida ba. Ko zai leƙa shi ya kai masa ɗan saƙo?

A wajenmu babba ba ya ba ka saƙo ka ce a'a, balle wanda kake neman 'yarsa. Zulkifilu ya san inda Perth take sarai, da bayan biro aka nuna masa. Duk da haka ya ce, "Ba komai, Alhaji, ai hanya ce."

Rumasa'u tana shigowa da tire a daidai lokacin. Ta ajiye a hankali, ba ta dube shi ba, ta juya.

Hajiya kuwa murna ta kama ta. Kafin ya gama shan lemo an fito da jakar Gana-mas-go cike maƙil: daddawa, kuka, kilishi, yaji, har da man shanu a cikin gwangwani. Uwa ce da ke ganin ɗanta na can yana fama da yunwa a hannun Turawa. Zulkifilu ya karɓa da hannu biyu yana godiya kamar shi aka yi wa kyauta.

Fu'ad ya taya shi ɗauka zuwa mota. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, akwai kwandon shara babba a filin jirgi, kowa ma haka yake yi. Zulkifilu ya yi yaƙe ya shiga mota. Fu'ad ya koma ciki, ya samu Rumasa'u, ya faɗa mata maganar kwandon shara, sai dai ya sa ta a bakin Zulkifilu.

Bai kai Karmo ba saƙonta ya shigo.

"Zulkifilu, ni na riƙe fasfonka da hannuna. Abin da ya sa na so ka shi ne ka faɗa min gaskiya ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Yau ka yi wa Abba ƙarya a gabana, kuma an ce kayan Mama a shara za ka zuba. Kada ka kira ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa, daga ƙarshe ya tura: "Ruma, maganar shara wallahi ba tawa ba ce. Sauran kuwa na yi, ba ni da bakin kare kaina." Shiru.

Jaka ta zauna a ɗakinsa. Daddawa ba ta iya ɓuya ba, cikin kwana kaɗan har rigunan ofis ɗinsa sun ɗauki ƙamshinta, abokan aiki suna tambayar wace miya ya zubar a jikinsa. Abin da ya fi ci masa rai mahaifiyarsa ce, wadda yake kira Inna. Ita alfahari take, tana faɗa wa maƙwabta cewa manyan mutane sun yarda da ɗanta har sun ba shi amanar kai saƙo bayan teku. Duk lokacin da ya ji ta tana faɗa sai ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya je Jabi ya zauna a kujerar nan, ya ce a sauya masa tikiti, Perth zai je. Rumasa'u ta amsa masa kamar baƙo. Ta ce sauya tikiti abu ne mai sauƙi, amma jakar ba za ta wuce filin jirgi ba ko a wane gari ya sauka.

"Kuma ko ta wuce," ta ce tana kallon kwamfuta, "me za ka yi da 'ana ɗan taɓawa'? A kanta za a ɗaura mana aure?"

Idonta ya cika da hawaye, ta juyar da kai. Ya tashi ya fita. A hanya ya gane abin da ya rage masa, ya kuma san zai iya rasa ta a kansa, don mai cewa bai san asalinka ba in ka kai masa shaidar ƙarya da hannunka, ai ka gama masa aiki.

Ranar Asabar da hantsi ya isa gidan Alhaji da jakar a kafaɗa. Maigadi ya bi shi da kallo. Ya yi fatan samun Alhaji shi kaɗai, sai ya tarar da shi da abokansa biyu a ƙarƙashin rumfa suna shan shayi. Ya ajiye jakar, ya durƙusa a kan siminti, ya gaishe su.

"Alhaji, na dawo da saƙon Hajiya. Ba zan iya kaiwa ba. Garin da zan je yana wannan bakin ƙasar, Ameer yana wancan, kuma ba a barin irin kayan nan su shiga. Na san haka tun lokacin da na karɓa, kunya ce ta hana ni faɗa. Kuma ban taɓa fita waje ba. Ko jirgi ban taɓa shiga ba. A Karmo aka haife ni, mahaifina leburan gini ne har Allah Ya yi masa rasuwa. Abin da na faɗa rannan ƙarya ce."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon jakar, sannan ya sa aka kira Hajiya. Da ta fito ya tambaye ta sau nawa ta ba wa matafiya saƙon Ameer. Ta ce ba za ta iya tunawa ba. Ya tambaya ko Ameer ya taɓa cewa ya ga wani abu. Hajiya ta ce ita da ma tana zaton yaron ne ba ya son godiya.

Alhaji ya jinjina kai. "Kowa ya ce min to, kowa ya dawo ya ce ya kai. Yau ne na fara ganin kayana sun dawo." Ya dubi Zulkifilu. "Ƙarya ka yi ta, kuma ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ce ban san asalinka ba, to yau na ga wani abu daga ciki. Tashi daga ƙasa. Ka turo min manyanka na Karmo."

Zulkifilu ya miƙe a hankali. Kansa na sunkuye, hawaye na ɗiga a kan siminti, shi kansa bai san ko na kunya ne ko na murna ba. Yana fita ƙofa waya ta yi ƙara.

"Matafiyina, ina bayan labule, na ji komai. Yau ka yi tafiyar da ta fi ta Sydney nisa. Ka yafe min zargin da na yi maka. Ka je ka wanke rigunanka."

Alhaji ya yi bincikensa kamar yadda ya saba, ya aika har Karmo, aka dawo masa da shaida mai kyau. Fu'ad ya rage zuwa gidan, daga baya ya daina. Hutun Zulkifilu kuwa aka ɗaga shi zuwa bayan biki, tikiti ya zama biyu, gari kuma ɗaya tak, inda Ameer yake. Rumasa'u da kanta ta shirya tafiyar, ta kuma hana mijin nata karɓar saƙon kowa.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Mutanen Karmo suka zo cikin motocin haya, leburori da masu shayi da abokan marigayi mahaifinsa, Zulkifilu ya riƙa kama hannunsu ɗaya bayan ɗaya yana gabatar da su ga daraktoci, bai tsallake kowa ba. Inna kuwa sai sa albarka take ta yi.

Da yamma, kafin a kai amarya, Alhaji ya kira su biyun falonsa. Rumasa'u na lulluɓe tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya yi musu nasiha gajera, sannan ya juya ga ango.

"Ga amana na ba ka. Ban ce ba za ta taɓa yi maka nauyi ba. Ranar da ta yi, kada ka ce min to kana jin kunya. Ka zo ka faɗa min, yadda ka zo rannan."

"In sha Allahu, Abba," in ji Zulkifilu.

Alhaji ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari, da sauka lafiya duk inda suka nufa. Hajiya da Inna suka shafa tare, aka kama hannun amarya zuwa mota.