Kwalba ta Biyu

Dakta Sharfuddeen Muhsin ya iso garin Lolo da la'asar sakaliya, da kwalba guda a jakarsa. Aikinsa a jami'a karanta ƙwayoyin halitta da kwamfuta: ka ba shi ɗigon ruwa, ya lissafo maka kifayen da suka ratsa cikinsa. Ya daɗe yana harin kujerar farfesa, takarda ɗaya ta rage masa. Bara ya ɗebi ruwa a wani lungu na kogin Kwara, dab da iyakar Benin, sai kwamfuta ta nuna masa wata halitta da ba kifi ba, ba kada ba, ba ta da dangi ko ɗaya a duniya. Masanan da ke tantance takardar suka ce abin ya ƙayatar, amma ɗiba ɗaya ba hujja ba ce, ya koma ya sake. Su da ke zaune a ofis, ina ruwansu da abin da ke ƙasan Kwara?

Kawunsa Sambo, tsohon masunci, ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Sharfu, wanga ruwa, ɗiba na farko kyauta yaka ba baƙo, na biyu musaya ne. Tun zuwan Shari'a mun bar kai mai komi, mun tuba. Amma shi bai mance ba."

"Haba Kawu, kwalba guda ce fa."

Tsoho ya girgiza kai. Ɗan 'yar'uwa dai ba a barinsa shi kaɗai, don haka ya kwance kwalekwale.

Rana ta yi ja suna tsakiyar ruwa. Kwaɗi na kuka, sauro na shawagi, ana jiyo kiran magariba daga tsallaken Benin. Suna kutsawa cikin lungun, komai ya ɗauke. Har ladanin kamar an toshe masa baki.

Ruwan baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Sharfuddeen ya sunkuya ya tsoma kwalba. Nan wani wari ya bugi hancinsa. Ba ƙarnin kifi ba ne. Warin sifirit ne, irin wanda yake goge teburin ɗakin gwajinsa da shi.

Ya yunƙura zai ciro kwalbar.

Wani hannu mai sanyi ya riƙe tsintsiyar hannunsa a ƙarƙashin ruwa. Ba da ƙarfi ba. A hankali, kamar ma'aikaciyar asibiti tana laluben jijiya. Ya ji tsini kamar na allura ya shiga, ya fita.

"Kawu," ya raɗa, "an riƙe ni."

"Kak ka duba ƙasa."

Ya riga ya duba. Fuskarsa ce a cikin ruwan, da tabarau da furfurar gemu. Shi bakinsa na rawa, ita tana nan shiru tana nazarinsa, irin kallon da yake yi wa kwamfuta idan sakamako ya fara fitowa.

Sai leɓen fuskar ya motsa, muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Ɗiba ɗaya ba hujja ba ce."

Hannun ya ƙara damƙa. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya kai masa kafaɗa. Ko salati ya kasa.

Sambo ya caɓo wuyan rigarsa yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya fizge shi baya. Tabarau ya faɗa ruwa, kwalba ta bi shi. Tsoho ya tuƙa kamar saurayi, bai waiga ba sai da suka ji kukan kwaɗi.

Da ya koma jami'a, Sharfuddeen ya janye takardar, bai gaya wa kowa dalili ba. Ɗalibansa suka yi ta wuce shi a muƙami. Ko gadar kogi ba ya yarda ya haura, don ya san ɗiba ɗaya kawai aka samu a jikinsa.

Da damina Sambo ya kira shi a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sharfu, masunta na ganin wani da tabarau zaune bisa ruwa kullum magariba. Duk wanda yaw wuce sai mai tabarau ya miƙo hannu ya nemi gashi ko farce. Har suna sun sa mai."

"Wane suna, Kawu?"

"Farfesa."

Shi kuwa Sharfuddeen har yau Dakta ne.