Kan Zomo

Bayan shekara talatin a birni, wani direba ya koma dajin ƙuruciyarsa farautar dare da tocila da gora. Yana ɗaga zomon da ya buge, sai ga dogon mutum tsaye a bakin tsohuwar rijiya, rigarsa tana ɗigar ruwa.

"Ajiye shi! Ni na tayar da shi, kan zomon nawa ne."

"Wannan dokar yara ce. Kauce, malam, kar in fasa maka kai!"

"Haka ka ce ran nan, Yaya, kafin ka ture ni."

Muryar ɗan shekara bakwai ce. Direban ya haska ƙasa: 'yan ƙananan ƙafafu, takalmin roba wari guda. Ɗaya warin shi direban ya kai wa Inna ran nan, ya ce kura ce ta cinye ƙaninsa.