Kwamfutar Auta

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Injiniya, takarda ce a hannunta, ta cika ta gaba da baya da sunayen kayan kwamfuta da ta kwaso a intanet. Shagon ɗan ƙarami ne a hawa na biyu, fanka ɗaya, sai teburi da aka jera ƙananan kusoshi a murafen kwalba. Sai da ta yi sallama sau biyu sannan ya ɗago daga cikin wata kwamfuta da ya buɗe.

Ya karanta takardar yana murmushi, ya tambaye ta aikin da za ta yi. Ta ce babanta malamin lissafi ne da ya yi ritaya, tun bara take ɗaukar darussansa da waya a falo, don ɗaliban da ba su da halin zuwa lesin. Darasi talatin sun taru, tsohuwar kwamfutarta kuwa sai ta yi awa biyu tana nishi kafin ta fitar da bidiyon minti goma.

"Ranki ya daɗe, wannan jerin ai na mai shirin buɗe gidan talabijin ne," in ji shi. "Ke kuwa bidiyon Baba da allo kawai za ki tace."

Ya ɗauki biro ya soke fankoki masu fitilu da katin hoto mai tsada, ya ce na hannu ma zai ishe ta. Ƙarfinta ta zuba shi a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ram mai riƙe aikin da ake ciki, da ma'ajiya mai sauri. Abu ɗaya ya ja wa layi biyu: akwatin wuta, mai raba lantarki ga sauran kayan. Ya ce a nan kam ba a neman araha.

Da yake da kaɗan-kaɗan take saye, sai zuwa shagon ya zame mata na kowane mako. Wata Laraba saƙonsa ya shigo:

"Daraktata, na samo miki ram mai kyau. In ba ki zo don shi ba, ki zo don mai shagon."

Sau uku ta karanta kafin ta amsa:

"Don ram zan zo, Injiniyana. Mai shagon kuma ya share teburinsa."

Da ta je, ta tarar ya share, har da sabuwar kujera.

Ba a yi wata biyu ba ya zo gida ya gaida iyayenta. Umma ta yaba da natsuwarsa, amma Baba ya ɗaure fuska. Shi hankalinsa na kan ɗan amininsa, wanda kowa ke kira Manaja, mai aikin ofis da albashi tsayayye. Ya ce ba zai ba da autarsa ga mai haɗe-haɗen tsofaffin kaya ba. Manaja kuwa kullum ya zo sai ya tambaya, cikin dariya, ko an gama ƙera jirgin saman.

Dariyar nan ce ta ci Auta. Akwatin wuta kaɗai ya rage, abin hannunta kuma bai kai na mai kyau ba, sai ta tsaya a ƙasan benen shagon ta sayi wani mai araha. Injiniya ya jinjina shi a tafin hannu, ya ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai, ya ce ta yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Ta kafe. Ta ce kwamfutarta ce, kuma ta gaji da zama abin dariya a gidansu. Dole ya ɗaura, amma ya roƙe ta kada ta ba ta aiki mai nauyi kafin a canza.

Ba ta ji ba. Ranar Asabar da hantsi, Baba na zaune gefenta yana jiran ya ga darasinsa, Manaja ma ya zo, ta sa kwamfutar fitar da bidiyo biyar a jere. Ana cikin na uku sai ƙara ta tashi, allon ya yi baƙi, ƙauri ya cika ɗakin. Ga shi ta riga ta goge darussan daga waya bayan ta kwashe su zuwa kwamfutar.

Baba ya sa aka kira Injiniya, ya wanke shi tas a gaban Manaja. Ya ce ya cuci yarinya da jabun kaya, ya ƙone masa wahalar shekara guda. Auta na tsaye bayan labule tana ji, ta kasa fitowa ta faɗi gaskiya.

"Ni na ɗaura shi, Baba. A yi haƙuri," kawai Injiniya ya ce. Ya rungumi kwamfutar ya fita.

Wunin ranar ta kasa cin komai. Da yamma ta rubuta masa:

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a gaban baƙo ba, Daraktata. Ki ci abinci."

Washegari ta durƙusa gaban Baba ta faɗi komai, tun daga ƙasan bene har gargaɗin da ta ƙi ji. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce ta ɗauko masa takalmansa.

Da ciwon gwiwarsa ya hau benen nan, yana hutawa, Auta na biye. Suka tarar da kwamfutar a kunne da wani akwatin wuta na gwaji, ga Baba a allo yana bayanin raba lamba. Injiniya ya miƙe da sauri ya ce akwatin ne kaɗai ya ƙone, darussa talatin suna nan lafiya.

Baba ya zauna. Ya ce shekara talatin da biyar yana hana malamai yanke wa ɗalibi hukunci kafin su ji ta bakinsa, sai ga shi ya aikata da tsufansa.

"Ka yafe mini, ɗana."

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma da laifinsa, tunda ya san abin ba shi da kyau ya ɗaura. Baba ya daɗe a shagon yana yi masa tambayoyi kan sana'arsa da iyayensa. Da zai tashi ya ce ya turo manyansa. Manaja da ya ji labari ya yi musu fatan alheri, bai sake zuwa ba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ranar da za ta bar gida, Baba ya zaunar da su biyu a falo ya yi musu addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Sannan ya dubi angon.

"Ga amana nan. Tana da kirki, amma akwai taurin kai."

Umma ta tambaya a hankali ko a wurin wa ta gado shi. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da sa albarka. Auta na hawaye tana dariya a cikin mayafi, Injiniya kuma yana ta amsawa da amin.