Karsanar da Ta Ɓace Kafin Gwanjo

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wa Insifekta Hamani rahoto a komisariya, ofishin 'yan sandan Tasawa: karsana ɗaya ta ɓace daga furiyar, garken da hukuma ke tsare dabbobin da suka ɓata.

Shekarar fari ce, 1984, soja ke mulki, kuma sufurefe, shugaban gundumar, ya ba da oda a yi gwanjon dabbobin ranar Lahadi. Hamani ya san in karsanar ba ta fito ba, wani zai kwana a kurkuku.

Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a fasa ba. Igiyar ma kwance ta aka yi, ba yankewa ba.

"Ɗan Baba, kai ke gadi. Yaushe ta ɓace?"

"Jiya, ranka ya daɗe, ina masallacin Juma'a."

Hamani ya kalli rigar da ke rataye a ƙusa cikin rumfar mai gadin.

"Ga rigarka ta Juma'a, ko karin guga bai warware ba. Da wace ka je?"

Ɗan Baba ya sunkuyar da kai.

A bayan garken Hamani ya tarar da Jibo, magidanci ɗan garin Maijirgi, yana ta kiran farashi ga tumakin da ke kwance. Shekara uku yana bin tsohon mai gwanjo, Mai Nasara, yana koyon sana'ar. Gobe ne zai fara kira da kansa.

"Ka san karsanar?"

"Ban san ta ba. Dabbobi sun yi yawa."

"Wataƙila makiyaya suka kora ta."

"Haba, Tasallah ba ta bin baƙo sai da dusa a hannu..." Jibo ya kama bakinsa.

"Ashe har suna gare ta."

Idon Jibo ya cika da ƙwalla. "Ta innata ce. Ita kaɗai ta rage mata. Yunwa ta sa ta tsinke, aka kamo ta nan. Amma wallahi ban taɓa ta ba."

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa, sai Baba Mai Nasara."

Hamani ya iske Mai Nasara a zaurensa yana goge wata 'yar ƙararrawa ta tagulla. Suka gaisa a tsanake.

"Baba, ka leƙa furiyar jiya?"

"Ni? Ƙafar nan ba ta kai ni ko bakin kasuwa."

"To dusar da ke hannun rigarka fa? Na san ba ka da ko akuya."

Kafin tsohon ya amsa, wani kuka mai tsawo ya taso daga bayan danga. Mai Nasara ya yi dariya har ya yi tari.

"Ja'ira, ta tona ni! Ni na ɗauke ta, ɗana. Ɗan Baba kuwa kunyata ya ji ya buɗe mini, kada ka taɓa shi."

"Me ya sa, Baba?"

"Shekara arba'in ina wannan aiki. Mai gwanjo da muryarsa yake ci. In Jibo ya tsaya gaban jama'a ya ce wa zai ƙara a kan saniyar uwarsa, muryar za ta karye, kuma ba za a sake ba shi fili ba. Yaron yana da baiwa. Na ce gara ni a kama ni."

Hamani ya miƙe tsaye.

"Dole in tafi da kai. Amma zan rubuta cewa an gano mai karsanar, doka ba ta yarda a sayar da ita ba. Ka kwana gida, gobe in zo."

Da safe ya zo, bai kawo ankwa ba. Hanyar komisariya ba ta bi ta furiyar ba, amma ta nan Hamani ya bi da tsohon. Jama'a sun taru. Mai Nasara ya miƙa wa Jibo ƙararrawar.

Sun ɗan yi gaba sai muryar Jibo ta tashi tana rawa: "Jika uku! Wa zai ƙara?"

Tsohon ya tsaya cak, ya waiga.

"Ɗaga murya, kai! Ba zance kake da surukarka ba!"

Jama'a suka fashe da dariya. Jibo ya sake kira, wannan karon har 'yan bakin titi suka juyo.

"Yanzu mu tafi," in ji Mai Nasara, ya dafa kafaɗar insifekta.