Koren Ƙyalle a Bututun Tanki

Da hantsi aka kira Sufeto Lahsan. An ɓalle kwaɗon ɗakin rainon iri na ƙungiyar masu nutso, can bakin teku bayan garin Jadida.

Ya tarar da tankunan gilashi a jere, iska na ɓulɓulowa a cikinsu. Jar ciyawar tekun da ake raino, wadda masu nutso ke tsintowa su sayar, ta koma fara fat, ruwan ya yi kauri kamar kunu. Kuma wannan ne irin ƙarshe. Ta cikin teku an tsince ta tas, shi ya sa samari ke ƙara zurfin nutso kowace shekara, wasu ba sa fitowa.

Dakta Najat, mai kula da ɗakin, ta zabga tagumi.

"Me ya kashe ta?"

"Ɗanyen ruwa, wanda ba a tace ba. Ko cokali ɗaya ya shiga, shi ke nan."

"Da kika kulle ranar Juma'a lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau."

Sufeto ya zaro busasshiyar farar ciyawa daga kwandon shara. "Haba Dakta! Wannan ai ta kwana biyu."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ciyawar ta jima tana koɗewa, ta ɓoye, shugaban ƙungiya, wani tsoho da ake kira Ba Mbarek, shi kaɗai ta gaya wa.

Ba a ɗauki ko tsinke ba. Sai wani koren ƙyalle da aka ƙulla a bututun iska. Sufeto ya kwance shi. Irinsa mahaifiyarsa take ƙullawa a ƙofar kabarin waliyyi.

Ya sami Ba Mbarek a ƙofar gida yana zuba shayi. Nutso ya cinye wa tsohon kunne ɗaya, sai an ɗaga murya.

"Ba, ka je ɗakin iri?"

"Ni? Da wannan ƙirjin? Sha shayi, ɗana, ka daina zare min ido."

A jikin bango an rataye tiyon da ɗansa Abdelkabir yake shaƙar iska da shi a ƙarƙashin ruwa. Koren ƙyalle ne ƙulle a jiki, ƙulli iri ɗaya. Sufeto ya ajiye na hannunsa kusa da butar shayi.

Tsohon ya dubi ƙyallen, ya sake duban sa.

"To, ni ne. Dakta ta ce ciyawar na mutuwa. Na roƙe ta a zuba ruwan rijiyar waliyyi, ta yi min dariya. Babban ɗana teku ya cinye shi, Sufeto, ko gawa ban gani ba. Saura wannan. Na ce in irin ya kama a igiya, a ruwa iya gwiwa zai yi noma, ya bar nutso. Kowane tanki na ba shi kofi guda, na yi bisimilla." Ya matso da kunnensa mai ji. "Kwaɗo kam zan biya. Amma gaya min, ta farfaɗo?"

Wallahi da Sufeto ya samu, da wani ya aika. Ya faɗa a hankali, tsohon bai ji ba. Dole ya maimaita da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

"Ta mutu, Ba! Duka!"

Bai sa masa ankwa ba, hannu kawai ya riƙe masa zuwa mota. Suna tayarwa Abdelkabir ya fito, ya sauke tiyon daga bango, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi kwalekwale.